Man gas mai farar wuta da wanda aka tace: wanne ne ke kashe inji?

Mai Tirela, Dawanau:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Bara na sayi kan tirela ɗan Beljiyom, ƙirar 2015. Wata biyar yana aiki lafiya lau. Yanzu fitilar salansa ba ta mutuwa, mota ta yi sanyi, ko ɗan tudu sai an koma giyar ƙasa. Bakanikena ya ce tukunyar da ke tace hayaƙi ce ta toshe, kuma laifin man gas ne, wai farar wuta ta yi masa yawa. Wani kuma a garejin ya ce sam, man da aka cire wa farar wuta shi ne ma yake cinye famfo saboda a bushe yake. Ni farar wutar da na sani ita ce ta 'yan koli, wadda ake kwaɓawa da man kaɗanya a shafa wa mai ƙazuwa. Me ya kai ta cikin man gas? Kuma cikin mutum biyun nan wa ke da gaskiya?

Tsohon Bakanike, Fanteka:
Wa alaikumus salam. Alhaji, na biyun shi ya faɗa maka gaskiya. Shekarata talatin da 'yan kai ina kwance famfo da nozil. Man da can, idan ka murza shi a yatsa za ka ji santsi. Na yanzu kamar kananzir. Tsofaffin motocinmu da wancan man suka yi shekara da shekaru ba abin da ya same su. Ka sa a cire tukunyar nan a jefar, ka riƙa zuba ɗan baƙin mai a tanki, ka huta.

Injiniyan Matata:
Baba, a yi mini afuwa, ba gardama zan yi da furfura ba, amma kada Alhaji ya zuba baƙin mai a tankin wannan motar. Bari na fara da tambayarsa ta farko.

Ba wanda ya zuba farar wuta a mai. Da ita ɗanyen mai yake fitowa daga ƙasa, kuma ba gari ba ce da za a tace da rariya, a ɗaure take a jikin ƙwayoyin man kansu. Ana auna ta da ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. 10 ppm na nufin giram 10 a cikin tan guda na mai. 3,000 ppm kuwa kilo 3 ke nan a tan guda. Ɗauki tankar nan mai lita 33,000, man cikinta ya kusa tan 28. Idan mai 3,000 ppm ne, ta ɗauko farar wuta sama da kilo 80, ya fi buhun siminti ɗaya da rabi. Idan mai 10 ppm ne, abin da ke ciki bai kai sulusin kilo ba. Motar Alhaji an ƙera ta ne don na biyun, domin tun 2009 Tarayyar Turai ta tsayar da 10 ppm. Amurka ta koma 15 ppm tun 2006.

Mai Tirela, Dawanau:
Buhu ɗaya da rabi! To ina take zuwa?

Injiniyan Matata:
Ta salansa take fita, ranka ya daɗe, amma ba duka ba. Idan ta ƙone sai ta zama iska mai shaƙe maƙogwaro, irin warin da kake ji in an ƙyasta ashana. Wani kaso ya haɗu da tururin ruwa ya zama asid, ɗan'uwan ruwan batir. Shi ne yake sauka cikin baƙin mai ya kashe shi da wuri, ya ci ring da bangon silinda. Sannan a gaban tukunyar nan akwai wata mai kama da saƙar zuma wadda aka shafa wa filatinam, aikinta ta taimaka a ƙone baƙin da ya taru a tukunya. Farar wuta tana lulluɓe filatinam ɗin ya kasa aiki, baƙi ya yi ta taruwa har ya toshe hanya. Kwamfutar mota kuma da ta ga haka sai ta rage wa inji ƙarfi da gangan. Abin da kake gani ke nan.

Ɗan Sahu:
Wannan saƙar zumar ba ita ce makanikai ke kira indomi ba? Wadda ɓarayi ke yankewa a motocin gida?

Injiniyan Matata:
Danginta ce. Ta fetur da ta gas ba iri ɗaya ba ne, amma abin da ɓarayin ke nema ɗaya ne, ƙarfe mai tsada da ke ciki.

Malamar Kimiyya:
Injiniya, tunda an zo wurin, don Allah yi mana bayanin yadda ake cire ta a matata. Ina koyar da wannan a aji uku na babbar sakandare, littafinmu layi biyu kawai ya yi a kai, yara kuma sai su ɗauka tacewa ce irin ta koko.

Injiniyan Matata:
To Malama, ke ce za ki gyara mini inda na karkace.

Ana gauraya man da iskar haidurojin, a zafafa shi zuwa tsakanin digiri 300 da 400, a matse shi da ƙarfi, daga ninki 30 na matsin iskar da muke shaƙa har sama da ninki 100, gwargwadon taurin kan man. Sai a turo shi ta saman wata doguwar tukunyar ƙarfe mai kaurin bango, ya riƙa tsiyaya ƙasa ta cikin katalis. Katalis ɗin in kin gan shi kamar taliyar da aka kakkarya, kaurinsa milimita ɗaya zuwa uku. Gangar jikinsa alumina ce, wani sinadari na alminiyam, mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Da za a shimfiɗa bangon ramukan da ke cikin giram ɗaya tak, zai kai faɗin fuloti mai ƙafa hamsin-hamsin. A kan wannan bangon aka baza ƙarfen molibdinam, tare da ƙarfen kobal ko nikel.

A nan ne haidurojin yake tsinke igiyar da ta ɗaure farar wuta da kabon, ya ɗauke ta su fita a matsayin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Katalis shi kamar dillali ne, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, ya juya ya jira na gaba. Ba ya shiga cikin man.

Abin da ya fi ba ni mamaki ranar da na fara ganinsa shi ne, sabon katalis ba ya aiki sai an ɗura masa farar wuta tukuna. Kafin a fara aiki da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ita, har molibdinam ɗin ya koma ƙananan faifai masu farar wuta a jiki. A bakin waɗannan faifan ne kobal ko nikel yake zama, kuma a nan aikin yake faruwa, ba a tsakiya ba. Henrik Topsøe da abokan aikinsa a Denmak su suka nuna haka a farkon shekarun 1980, bayan an daɗe ana amfani da katalis ɗin ba tare da an san takamaimai inda yake cizo ba.

Ɗan Sahu:
Dillalin da ba ya karɓar la'ada? Wannan ba a Kano yake ba.

Injiniyan Matata:
Yana karɓa, sai dai a hankali. Baƙin gawayi yana taruwa a ramukansa, ƙarafan da ke cikin mai suna toshe shi, sinadarai masu naitirojin suna zaune masa a kujera. Kullum sai an ɗan ƙara zafi don ya ci gaba da bayar da abin da ake so, har a kai inda ba a iya ƙarawa. Bayan 'yan shekaru a tsayar da sashen, a kwashe shi, a gasa a sake amfani da shi ko a sayar wa masu ciro molibdinam. Kwashe shi ma aiki ne mai haɗari, don in ya sha iska yana iya kamawa da wuta da kansa.

Malamar Kimiyya:
Na gode. Ƙari ɗaya zan yi saboda masu karatu. Iskar nan mai warin ƙwai guba ce ta gaske, kuma muguntarta ita ce in ta yi yawa hanci yana daina jin warinta, mutum ya ɗauka ta wuce. Shi ya sa ba a sakinta. Ana kama ta da wani ruwa, a kai ta wani sashe a mayar da ita farar wuta tsantsa, rawaya, ta hanyar da Carl Friedrich Claus ya yi wa rajista tun 1883. Yawancin farar wutar da duniya ke amfani da ita yau daga matatun mai da na iskar gas take fitowa, ba daga haƙar dutse ba. Da ita ake yin asid ɗin da ake narka dutsen fosfet a yi taki. Wato mai yiwuwa abin da aka cire daga man tirelar Alhaji ya dawo masa a buhun takin da yake ɗaukowa.

Tsohon Bakanike, Fanteka:
Duk na ji turancinku. Amma ba wanda ya amsa mini maganar santsi. Ni da hannuna nake ciro famfon da ya cinye kansa. Ko shi ma ƙarya ne?

Injiniyan Matata:
Ba ƙarya ba ne, Baba, kuma ba kai kaɗai ka gani ba. A farkon shekarun 1990 da Suwidin ta fito da man gas mai tsabta ƙwarai, famfunan motoci sun yi ta lalacewa, musamman irin masu juyawa waɗanda man gas ɗin kansa ne yake shafa musu mai. Da aka bincika sai aka ga ba ita farar wutar ce ke ba da santsi ba. Wasu sinadarai ne masu oksijin da naitirojin da ke manne wa ƙarfe, haidurojin kuma ba ya zaɓe, yana share su tare da ita. Maganinsa ɗan ƙari ne da ake zubawa a matata ko a defo, kaɗan ƙwarai, ko a gauraya ɗan man gas na tsirrai. Akwai gwaji na musamman: ana goga ƙwallon ƙarfe a kan faranti a cikin man, a auna tabon da ya bari. A ƙa'idar Turai kada faɗin tabon ya wuce maikuron 460, wato ƙasa da rabin milimita. Man da ya ci wannan gwajin ba ya cin famfo, ko da 10 ppm ne.

Famfunan da ke zuwa hannunka, ina roƙonka ka riƙa tambayar inda aka sha man. Man da aka surka da kananzir ba shi da santsi ko kaɗan. Ga ruwa a gindin tanki, ga ƙasa daga jarkar 'yan bumburutu.

Tsohon Bakanike, Fanteka:
Na kananzir wannan gaskiya ne, lokacin da kananzir ke araha mun sha gani. Amma har yanzu ina nan a kan bakana, tsohuwar mota ba ruwanta da wannan tsabtar taku.

Injiniyan Matata:
Tana jurewa, ban musa ba. Amma sau nawa kuke juye mata baƙin mai?

Tsohon Bakanike, Fanteka:
Wannan kuma wata magana ce.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Mu a nan gazuwal muke ce masa. Tambayata ga Injiniya: kullum ana cewa ɗanyen man ƙasashenmu mai kyau ne, ba shi da farar wuta da yawa. Matatarmu ta SORAZ tun 2011 take tace man Agadem, ganga 20,000 a rana. In ɗanyen man mai kyau ne, me ya sa sai an sayi wannan katalis mai tsada? Ba dabarar Turawa ba ce ta sayar mana da kaya?

Injiniyan Matata:
Wa alaikumus salam. Mai kyau ne in an gwada shi da na wasu. Bonny Light na Najeriya farar wutarsa wajen kashi 0.15 cikin ɗari ce, Arab Heavy na Saudiyya kuwa ta kusa kashi 3. Amma kashi 0.15 ɗin nan 1,500 ppm ke nan. In ka dafa shi kawai ka ɗebi man gas, abin da za ka samu ya ninka 50 ppm sau da yawa, balle 10. Ribar mai irin namu ita ce aikin ya fi sauƙi, haidurojin kaɗan, katalis ya daɗe. Ba wai an tsallake aikin ba ne.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Sauko da mai daga dubbai zuwa 500 ppm abu ne mai sauƙi, don yawancin ƙwayoyin suna sakin farar wutarsu ba gardama. Waɗanda suka rage su ne masu taurin kai, dangin da ake kira daibenzotayofin. Akwai ɗaya a cikinsu da duk ma'aikacin matata ya san shi: farar wutar tana tsakiya, ga wasu rassa biyu sun tsaya mata dama da hagu kamar dogarai, ba ta iya kai wa bakin katalis. Kobal ya fi gwanancewa a fizgo ta kai tsaye, to a nan sai ya rasa hanya. Nikel kuwa zagaye yake yi: ya fara cusa haidurojin a zoben kabon da ke gefen farar wutar, ƙwayar ta lanƙwashe, dogaran su kauce, sannan a cire ta. Wannan zagayen yana cin haidurojin da yawa, yana son matsi mai ƙarfi. Matsi mai ƙarfi kuma yana nufin sabuwar tukunya mai kaurin bango, sabon kwamfireso, wani lokaci har sabon sashen yin haidurojin daga iskar gas. Ga shi kuma iskar warin ƙwan da aka riga aka cire tana danne katalis ɗin in ba a wanke ta daga haidurojin da ake sake juyowa ba. Shi ya sa tsohuwar matata ba ta tashi da safe ta ce daga yau 10 ppm zan yi. Ɗan ragowar nan na ƙarshe shi ne mai cin kuɗi.

Ɗan Jarida Mai Ritaya:
Ku ba ni dama na shigo da siyasar abin, don kimiyya kaɗai ba ta bayyana dalilin da motar Alhaji ta toshe. A watan Satumba na 2016 wata ƙungiya ta Suwizalan, Public Eye, ta fitar da rahoto bayan ta ɗebi mai a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas. A Mali ta samu man gas da ya ninka ƙa'idar Turai sau 378. Kuma ba a karya doka ba, nan ne abin takaicin. Dokokinmu ne suka yarda, ta Najeriya a lokacin 3,000 ppm ce. 'Yan kasuwa a tasoshin Amstadam da Rotadam da Antwaf suna gauraya ragowar da ba za ta sayu a Turai ba daidai da abin da dokarmu ta halatta. A Disambar wannan shekarar Najeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddebuwa suka yi alkawari a Abuja za su koma 50 ppm. Gana ta aiwatar a 2017. Mu kuwa aka yi ta ɗagawa. A Fabrairun 2020 ECOWAS ta zauna a Wagadugu ta tsayar da 50 ppm ga man da ake shigowa da shi, ta ba matatun gida wa'adi zuwa 2025. Ƙasashen gabashin Afirka, su Kenya da Tanzaniya da Yuganda, tun 2015 suka wuce wurin. Ƙarshe sai da Holan da kanta ta hana fitar da irin wannan man daga tasoshinta a 2023.

Ɗan Damagaram:
Mu da muka fita daga ECOWAS ɗin fa, yallaɓai?

Ɗan Jarida Mai Ritaya:
Huhu bai san kan iyaka ba, ɗan'uwa. Tirelar da ta sha mai a Maradi a Jibiya take fitar da hayaƙinta.

Ɗan Sahu:
To ai yanzu ga matatar Dangote, ba shi ke nan ba?

Ɗan Jarida Mai Ritaya:
Ta fara fitar da man gas a farkon 2024, kuma sabuwa ce mai irin sashen da Injiniya ya bayyana. Amma ka tuna cacar bakin da aka yi a Yulin 2024 tsakaninta da hukumar NMDPRA mai kula da harkar mai a Najeriya, hukumar na cewa man matatar ne ya fi farar wuta, matatar na cewa wanda ake shigowa da shi ne, har aka kai ga gwaji a gaban 'yan majalisa. Ni abin da na ɗauka daga wannan rigimar shi ne, manya ma sai da na'ura suka iya gardama. Kai da kake tsaye a gidan mai da me za ka gane?

Mai Injin Niƙa:
Da launi mana. Fari tas shi ne mai kyau, mai duhu shi ne gurɓatacce.

Injiniyan Matata:
A'a Hajiya, launi ba ya nuna ta. Mai zai iya yin garau yana ɗauke da 1,000 ppm, wani ya ɗan yi kore-kore alhali 10 ne. Duhu yana iya nuna datti ko tsufa ko man dahuwar daji, wannan kam a guje shi. Amma farar wuta sai na'ura, kuma gwajin mintoci ne kawai. Injinki na niƙa zai sha kowanne, sai dai ki lura da baƙin mai, ki kuma fitar da bakin salansa waje, kada yaran da ke layi su yi ta shaƙa.

Malamar Kimiyya:
Wannan ta ƙarshen ita ce ta dame ni da shawarar Baba ta a cire tukunya a jefar. Tun 2012 hukumar binciken kansa ta WHO ta sa hayaƙin man gas a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. Makarantarmu a bakin titi take, in tireloli suka yi layi da safe sai mun rufe tagogi. Tukunyar nan ita ce ke kama baƙin, kuma ba ta rayuwa sai da mai mai tsabta. Abu biyun tare suke tafiya.

Tsohon Bakanike, Fanteka:
Malama, Allah ya ba ki haƙuri. Amma mutumin da motarsa ke tsaye, ga bashin banki, ba zai jira gwamnati ta gyara mai ba.

Ɗalibi, Samaru:
Injiniya, ina ajin ƙarshe, ina son yin furojet a kan wannan. Za a iya gwada shi a ƙaramin ɗakin gwaji?

Injiniyan Matata:
Na haidurojin kada ka kusance shi sai da kayan aiki na gaske da mai kula da kai, matsi da zafi da guba ne a wuri ɗaya. Duba hanyar oksijin: ana amfani da haidurojin feroksaid da ɗan asid ko katalis a zafin da bai kai na tafasar ruwa ba, farar wutar ta ɗauki oksijin, sai a janye ta da wani ruwa. Abin sha'awa, masu dogaran nan da ke wahalar da matata su ne suke saurin miƙa wuya a wannan hanyar. Akwai kuma masu gwada gawayin da aka sarrafa ya tsotse ta, da masu gwada ƙwayoyin bakteriya irin Rhodococcus. Duk suna aiki a kwalba, amma har yau matatun duniya haidurojin suke amfani da shi, don abin da ya yi a lita ɗaya ba lallai ya biya kuɗinsa a lita miliyan ba. Kafin ka zaɓi take, tabbatar akwai inda za a auna maka ppm kafin da bayan gwaji. In babu, ba ka da sakamako.

Mai Tirela, Dawanau:
Allah ya saka wa kowa. To Injiniya, a taƙaice me zan yi gobe?

Injiniyan Matata:
A sauke tukunyar a wanke ta a wurin masu injin wanki, ba da tiyo ba. A sa kwamfuta a duba saƙar zumar da ke gabanta, ko ta farfaɗo in ta ji zafi ko ta mutu. A juye baƙin mai a sa irin mai ƙarancin toka da littafin motar ya ce, don wanda ake zuba wa tsofaffin tireloli tokarsa ma tana toshe tukunya, kuma ita toka ba ta ƙonewa. Ruwan AdBlue, wanda motar ke fesawa a salansa don rage gubar hayaƙi, kada a surka shi. Direba ya daina barin inji yana aiki a tsaye dare guda. Mai kuma ka tsaya a gida ɗaya ko biyu, ka nemi ganin takardar ingancin da ta biyo tankarsu, akwai layin farar wuta a ciki.

Mai Tirela, Dawanau:
Takardar nan za su nuna mini kuwa?

Ɗan Sahu:
In kana shan lita 600 a zuwa ɗaya, har shayi za su ba ka.

Tsohon Bakanike, Fanteka:
Alhaji, je ka wanke. In ta sake toshewa kafin Sallah, ka san inda garejina yake.